Baƙar Waya

Ranar Laraba na sayo ta a Sabon Gari,
rediyo mai fuskar gilashi da shuɗiyar wuta.
Na ce wa mai shago da kaina zan ɗaura,
ai waya ce, launi ya bi launi.
Ya dube ni, ya miƙo canji, bai ce uffan ba.

A gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, Gyaɗi-Gyaɗi,
na zare tsohuwar rediyon Baba
kamar mai cire haƙorin da bai yi ciwo ba.
Na murɗa ja da ja,
rawaya da abin da ya yi kama da rawaya,
baƙar kuwa na ɗaure ta a kusa mafi kusa,
na naɗe da salatif, na gutsire saura da baki.

Ta yi magana! Duk layi ya ji.
Rumasa'u ta taka rawa a kujerar baya
har takalminta ɗaya ya faɗa kwata.

Da asuba mota ta ƙi tashi.
Makulli ya ce ƙyas, ya yi gum.
Masu dawowa daga masallaci suka tura ni har titi,
Malam Labaran na haki, yana cewa, batir ne.
Na sayi batir. Jibi ma haka.

Sai wani kuka ya tare a sifika,
siriri, irin na sauro a kunnen mai zazzaɓi,
in na taka totur ya hau,
in na saki ya sauko.
A cunkoson Ƙofar Nasarawa na taka birki,
rediyo ta ɗauke numfashi,
fitilar mai ta yi mini ƙifce.
Fis ya ƙone. Na sa wani, ya bi ɗan'uwansa.
Wani direba ya ce, naɗa masa silin waya a wuce wurin.
Na naɗa.
Ƙaurin roba ne ya kai ni Ƙofar Ruwa.

Jazuli mai rewaya bai tambaye ni komai ba.
Kayan aikinsa kwan fitila ɗaya da waya biyu.
Ya kwance kan batir, ya sa kwan a tsakani.
Makulli na aljihuna, amma kwan ya kama.
Ya ce, Alhaji, da ɓarawo a gidan nan,
kana barci yana sha.

Ya bi fis ɗaya-ɗaya yana zarewa
kamar mai neman tsakuwa a shinkafa.
A na bakwai kwan ya mutu.
Ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, tocila a baki,
ƙafafunsa a waje, silifas ɗaya shuɗi ɗaya kore.

Wa ya yi wannan aikin?
Na ce, wani yaro ne.
Ya ce, yaron ya ba ta abincin da ba ya yankewa,
ita kuma baƙar ya ɗaure ta a kan fenti.
Wuta ba ta ɓata, Alhaji.
Duk inda ta je sai ta koma ƙasa.
In ka rufe mata ƙofa
ta haura ta katangar maƙwabta,
ta birki, ta fitila, duk inda ta samu.

Yana kankare fenti sai ya tsaya.
Can ciki ya jawo wata baƙar waya,
tsohuwa, an like bakinta da dalma, tsaf,
an rataya mata guntun kwali da zaren buhu.
Ya ce, ga hanya nan tun tuni an share maka.

Na karɓi tocilar.
Rubutun Baba ne, da ajami, biro ya koɗe:
ƙasa.
Shekara huɗu ke nan da muka kai shi can.

Jazuli ya haɗa, ya ɗaure, ya ce, tayar.
Sauro ya tafi. Birki ya koma birki.
Dubu uku ya karɓa, ya ƙara da cewa
a gaida yaron.

Na biyo ta Ƙofar Mazugal, gilashi a sauke,
kwalin a aljihun gaba.
Sai da na kashe mota a gindin dalbejiya
na tuna ban kunna ta ba.