Ƙasar Waje Tana Bayan Kwangwalam

An rufe makarantu, gero ya kai gwiwa,
aljihuna kuwa ko ƙuda ba ya sauka.
Na shiga shagon Ɗan'asabe na bakin tashar Daura,
na sayi awa guda a gaban kwamfuta,
na ce wa duniya: ga malamin Turanci.

Duniya ta ce: ina digiri?
Na ce yana hanya.
Ta ce: shekara nawa kana riƙe alli?
Na tuna ranar da na rubuta sunayen masu surutu,
na ƙirga, ban cika ko yini ba.
Ta ce: fasfo fa?
Nan aka ɗauke wuta,
Allah ya rufa mini asiri.

Turancina na tsintuwa ne, ba na musu.
Kaɗan daga bakin mai sharhin ƙwallo,
kaɗan daga takardar cikin kwalin magani,
sauran daga littafin janareta
da na karanta sau bakwai, injin bai tashi ba.
Sau biyu jarrabawa tana dubana, tana girgiza kai.

Ranar kasuwar Mai'aduwa ina dakon wake,
wani Alhaji Laminu, mutumin Matamaye,
ya tsaya yana juya rasit kamar mai gashin masara.
Na karanta masa. Ashe buhu huɗu aka ci shi.
Ya dube ni tun daga hula har silifa,
ya ce, "Yarana biyar, lakwal ta tashi.
Faransanci sun sha har ya gundure su,
ni kuwa kayana daga Ikko suke zuwa.
Wata biyu. Tuwo, tabarma, da 'yan jikkunan sefa.
Za ka zo, mushe?"

Na ce, "Alhaji, da raina da lafiyata?"
Ya yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo:
wai a wajensu haka ake kiran malami.
To, wanda ba shi da takarda
ko mushen aka ce masa ya amsa.

Baba bai ce a'a ba.
Fartanyata kawai ya duba, a jingine da rumbu,
ya ce, "Maimai fa?"
Tanimu ƙanena ya ce zai nome rabona
in na dawo masa da takalmin ƙwallo.
Shi ya ɗauki kunyar gona,
ni na ɗauki ta ido.

Bayan isha'i na je zauren Malam Barmo,
wanda jan bironsa ya ƙare a kan littafina.
Na yi tsammanin dariya.
Ya daɗe a ɗaki yana tari,
ya fito da littafi marar bango, gara ta ci gefensa,
ya ce, "Kullum ka riga su da shafi ɗaya.
Ka kwana da shi, ka tashi da shi.
In sun tambayi abin da ba ka sani ba,
ka ce sai gobe, kuma goben ta zo.
Ni ma ranar da na fara,
gwiwata ta fi bakina magana."

Yanzu ga ni a tasha, saura mutum biyu mota ta cika.
Hadari ya taso daga gabas.
Littafin yana cikin leda, ledar cikin riga.
Ɗan'asabe ya leƙo ta taga:
"Ina jirgin, mutumin ƙasar waje?"
Na ce, "Ga shi nan, ana ɗaure masa awaki a bisa."

Na buɗe shafin farko ina motsa baki.
Tsohuwar da ke gefena ta ɗaga hannu,
ta zaci addu'a nake,
ta ce amin.