Lodin Komawa

Kwana uku ke nan a bakin ƙofar kamfani a Ikeja.
Tirela ta durƙusa kamar raƙumin da aka sauke wa kaya,
cikinta fayau, sai warin albasa
da ya ƙi fita duk ruwan da Cindo ya sheƙa mata.

Buhu ɗari huɗu muka ɗauko daga Galmi.
Alhaji Mati ya ƙirga da baki, ya sake ƙirgawa da carbi,
ya ce, "Barmo, ka kai mini su da ransu."
Albasa kuwa ba ta san haƙuri ba.
A Konni muka kwana biyu muna jiran hatimi ɗaya,
mai hatimin ya tafi suna.
A Illela aka yaye tamfol, aka soka ƙarfe,
aka ce takarda ta cika, amma ba ta yi nauyi ba.
Na ƙara mata nauyi.

Kwantagora, Mokwa, gadar Jebba.
Taya ta fashe mana ana kiran assalatu,
muka ɗaura wata da hasken waya.
Daga Ibadan iska ta soma jiƙa,
na ji kayan suna gumi a bayana
kamar mai zazzaɓi.

A kasuwar Mil Sha Biyu, Iya Risikatu ba ta buɗe buhu.
Hanci take kaiwa, ta ɗaga yatsa:
wannan, wannan, da wancan na ƙasa.
Sha tara suka ruɓe.
Na kira Alhaji. Ya yi shiru har kuɗin wayata ya ƙare.

Yanzu jira muke.
Mota ba ta komawa wofi,
don gas bai san ko da kaya ko babu ba,
sha kawai ya iya.
Sauron Ikko ya haddace sunana.
Cindo ya koyi cin amala, yana zaginta yana ƙarawa.
Ina salla a kan kwali tsakanin taya da taya,
injin kamfani na karatunsa dare da rana
ba ya ko tsayawa shan iska.

Yau da hantsi wani mai hular kwano ya kira lambarmu.
Katan dubu da ɗari biyu, dunƙulen miya,
za a kai Maraɗi.
Suka jeru tsaf, kusurwa na sumbatar kusurwa,
ba mai gumi, ba mai wari, ba mai ruɓewa.
A jikin kowane an zana albasa,
ja, mai sheƙi, wadda ba ta taɓa kwana a Konni ba.
Na daɗe ina kallonta.
Mun kawo ta a buhun algarara,
za mu mai da hotonta cikin leda,
kuma hoton ya fi ta tsada.

Ana shirin jan tamfol Cindo ya yi kira.
A lungun bodi, inda katako ya tsage,
wata 'yar albasa ta maƙale tun Galmi.
Ta sha ruwan wanki, ta sha raɓar Legas,
ta fid da kore tsawon ɗan yatsa.

Ya ce, "Oga, in jefar?"
Na ce kawo.
Na yanke gindin gorar ruwa, na ɗebi ƙasa a bakin kwata,
na zaunar da ita gaban sitiyari
kusa da hoton 'yata Hadizatu.

Takarda ta ce katan dubu da ɗari biyu,
direba ɗaya, yaron mota ɗaya.
Ba ta ambaci fasinja ba.
In mun isa Jibiya suka tambaya,
zan ce 'yar gida ce, ta je ganin teku,
ba ta gan shi ba, cunkoso ya hana.

Cindo, cire wejin.
Mu fita kafin Ojota ta toshe.