Rariyar Sama

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana yake gifta Legas,
babu oda, babu hayaƙi,
ba ya tsayawa ɗaukar kowa a Oshodi.
Tauraro ne da hannu ya ƙera, ido ɗaya gare shi,
an aike shi ƙirga abin da ido bai taɓa gani ba:
hasken nan na bayan shunayya,
wanda bakan gizo ya ƙi shanyawa.

Da dare, a ɗakinmu na bincike a Akoka,
in janareto ya ga dama,
lambobinsa kan zubo mini kamar gero a faifai.

Inna ta ce in faɗa mata aikina da Hausa.
Na ce akwai rariya a sama,
gaba da gajimare, gaba da jirgin alhazai,
ita ke tankaɗe rana.
Tsakin ya tsaya can, garin ya sauko mana.
Ni mai duba idanun rariyar ce.
Ta ce, “In ta yage, wa ke ɗinkewa?”
Na ɗauki butar shayi, na ce ruwa ya tafasa.

Na gina wata sama a cikin kwamfuta,
na zuba mata iska, na rataya mata rana.
Lissafina ya ce sha ɗaya.
Tauraro ya ce goma da ɗigo huɗu.
Wata uku ina neman abin da ya faɗi a tsakani:
ko hayaƙin bolar Ojota ne,
ko ƙurar katako ta Oko Baba,
ko numfashin teku bayan azahar.

Ƙanena Tasi'u zabiya ne.
Tabarau yake sayarwa a gindin gada,
inda inuwa ke ƙaura kafin ciniki ya faɗa.
Bayan kunnensa ya yi ɓawo,
wuyansa taswira ce da ba ni na zana ba.
Abin da ya kuɓuce wa rariya
a jikinsa yake sauka, ba sallama.

Da asuba na tura masa saƙo:
“Yau sha biyu. Malafa. Riga mai dogon hannu.
Man nan, kada ka yi masa rowa.”

Ya amsa kafin in ajiye waya:
“Yaya, gaishe da tauraronki.
Ni tun jiya wuyana ya gaya mini.”