Riguna Biyu a Kan Kekena

Ni tela ne a bayan tashar Tawa.
Ba a tambayata ra'ayi, awo ake tambayata.
Amma daren Talatar nan riguna biyu suka kwana a kan kekena.

Ta fari ta Arzika ce,
shuɗiya, ni na ɗinka ta da ƙaramar salla,
har yau ina bin sa jaka ɗaya.
Uwarsa ta kawo ta a leda:
"Malam Nomau, ko za ta gyaru?"
Ta yage tun daga wuya har ƙugu,
ga shatin takalmi a gadon baya,
ga wani ja da sabulu ya yi iyakar yinsa ya bari.
Me ya yi? Kwali ya ɗaga.
Kwalin taliya ne ma, ya juya shi ya rubuta da gawayi:
tiyar hatsi ta fi ƙarfin yinina.

Ta biyu kaki ce, ta Tankari.
Maɓalli biyu sun tashi, aljihu na reto,
warin barkonon tsohuwa na sa ni atishawa.
A aljihun na tsinci takarda ninki huɗu,
bashin mai shago:
shinkafa, sukari, maganin tarin yarinya.
Na mayar da ita kamar ban iya karatu ba.

Kafaɗa arba'in da shida, su duka biyun.
Littafina na nan, mai musu ya zo ya duba.
Rijiya ɗaya suka sha,
bulalar malami ɗaya ta zane su.

A bencin ƙofa kuwa gardama ta kaure.
Bizo, wanda aka koro daga arewa bara, ya ce:
"Mu da aka loda a mota kamar awaki
aka juye mu a rairayi, aka nuna mana kudu da baki,
ba wanda ya buɗe takardata.
Fatata aka karanta."
Agali ya sassauta rawani, ya ce:
"Ni fa? Kowane shinge ni ake fara saukewa.
A can ka yi baƙi da yawa,
a nan na yi ja da yawa."
Wani yaro ya miƙo waya,
ga wani ɗan'uwa can ƙetaren teku an danne shi a kwalta.
Aka yi tsit, sai tafasar shayi.
Bizo ya ce, "Can ko ba komai ciwon na da suna.
To wanda Tankari ya yi wa Arzika fa,
da wane launi za mu kira shi?"

Ba a ba shi amsa ba.
Wata kat-kat mai baƙin gilashi ta wuce,
ta watsa mana ruwan kwata,
ja da baƙi duk muka janye ƙafa lokaci guda.
Ba wanda ya ga fuskar na ciki.

Aka ɗauke kuran. Na riƙe tocila da haƙori.
Zare ɗaya ya rage mini,
da shi na bi ta wuyan wannan, na dawo ta ƙirjin wancan.

Da asuba Tankari ya zo, ba hula.
Ya daɗe yana kallon shuɗiyar a jikin ƙusa.
"Yaya jikin nasa?"
Na ce asibiti ba nisa, ƙafarka ta san hanya.
Ya biya nasa, ya aje wata jaka a kan almakashi,
ya fita bai ce ta mece ce ba.
Ban taɓa ta ba. Tana nan.
Ban san a wane shafi zan rubuta ta ba.

Yau kwana tara. Tiya ta ƙara dala goma.
Rigar Arzika ta gyaru, na goge ta har sau biyu,
sai dai hannun da aka ɗaure da karare
ba ya shiga hannun riga.