Bangon da Ke Kallon Teku

A tsibirin Chiloé ruwa ba daga sama kaɗai yake zuwa ba,
ta gefe yake shigowa, iska na kora shi kamar awaki.
Bangonmu na arewa ya sha duka shekara sittin.
Katakonsa, jere kamar ɓawon kifi,
yanzu ko yatsa huda shi yake.

Mai shago a Castro ya ce in ɗauki kwano, ga arha.
Baba Eladio ya tofar da yawu:
"Gishirin teku ya cinye na Oyarzo
tun bai gama biyan bashinsa ba."
Allon siminti fa? Ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne,
ya ce wannan ba ya amsa sallama.

Itacen da kakansa ya sara, yau an hana saransa.
Sai muka sayi tsoffin katakan wata rumfa da aka rushe.
Na zaɓi ƙusar da ba ta tsatsa, kuɗinta ninki uku.
Bai tanka ba.

Ina kan tsani, yana miƙo mini ɗaya ɗaya.
"Na sama ya rufe na ƙasa, Ximena,
kamar kaza da 'ya'yanta."
Hadari ya haɗo.
Saura layi huɗu.