Kuɗin Iska

A bayan Ɗorayi, inda tifa ta gama kwasar yashi
ta bar rami kamar bakin da haƙora suka ƙaurace wa,
nan kakata Yalwa ta kafa fartanya
a shekarar da aka yaye ni.
Unguwa ta ce tsohuwa ta taɓu.

Toka take roƙo wajen masu waina a Mandawari,
kashin awaki daga Kabuga,
jakin Ɗanlami ya kawo a mangala.
Ita kuwa sai ta tona ɗan gurbi
ta ba ƙasa a baki, loma-loma,
yadda ake lallaɓa majinyaci.

Dashe bai dame ta ba.
Kututture take bi, ta durƙusa gaban toho,
ta bar biyu, ta fige saura.
Takan ce, wannan bai mutu ba, fushi ya yi.
Gawo, aduwa, kalgo, magarya,
ɗaya bayan ɗaya suka huce.

Shekara ashirin da uku.
Kurciya ta dawo. Inuwa ta yi ƙiba.

Sai bara, ranar wata Laraba,
farar mota ta tsaya a bakin kwari.
Samari suka fito da igiyar awo
suna rungumar itatuwa suna rubuta lamba.
Babbansu, Sadisu, yaro mai ladabi,
ya tsuguna ya ce: Inna,
a ƙetaren teku akwai masu masana'antu
da hayaƙinsu ya ishi sama.
Itatuwanki ke shanye shi. Za su biya.

Dariya ta yi har ɗankwali ya zame.
Ta ce, na ga mai ga-ruwa,
na ga mai sayar da jar ƙasa a kwano,
yau ga dillalin numfashi.
Kuɗin iska ke nan?
To, karanta mini, Habu.

Na karanta. Shafi goma sha ɗaya.
Shekara talatin ba sara, ba kiwo, ba tsinka.
Sunan kamfani sau arba'in.
Namu ko sau ɗaya.

Ta yi shiru har aka kira la'asar.
Sannan ta ce: shanun Jauro fa,
da ke cin 'ya'yan gawo da rani su bar mana taki?
Matan da ke yankar kalgo fa?
Wa zai gaya wa Asabe ta daina tsinkar magarya
da take sai wa marayunta littafi?
Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.
Bari mu ga askar tukuna.

Ta tara mu a gindin aduwa,
mai unguwa, liman, makiyaya, 'yan bulo.
Ba ta ɗaga murya ba.
Mai ɗaki, in ji ta, shi ya san inda yake yoyo.
A sa sunan unguwa a sama.
'Ya'yanmu su riƙe igiyar awo.
In kuɗi ya zo, a ƙirga shi a tabarma, da rana,
kafin ya ga aljihun kowa.
Masu hayaƙin kuma a gaya musu
ba mu sayar musu da izinin ƙarawa ba.

Sadisu ya naɗe takardarsa ya tafi.
Wasu suka ce ta kori arziki.
Kwana sittin ana gaishe ta ciki-ciki.

Da ya dawo, shafi huɗu ne,
sharaɗin ƙarshe babu shi a ciki.
Ta ce a ajiye wannan a matsayin bashi.
Aka kawo tawada ta dangwala.
Ta danna, ta ɗaga:
baƙin tabo kawai, sumul, ba zane.
Ƙotar fartanya ta cinye shi tuntuni.

Sadisu ya rasa ta cewa.
Ta goge yatsan a gefen zani,
ta nuna masa kwarin da haɓa.
Ta ce, in zanen kake nema, yana can.
Je ka duba.