Dagi

Da aka sace batirin mota karo na biyu,
har da tiyon da muke ba kabeji ruwa,
Barira ta ce, "Ko kare, ko mu bar Dadin Kowa."
Sha'awa kuwa, 'yar shekara bakwai,
ta daɗe tana zana shi a bayan littafin lissafi,
kansa ya fi gidanmu girma.

Ranar Asabar, da ruwa ya ɗauke,
muka nufi Rayfield a motar maƙwabci.
Baba Gyang ya ja ƙofar kwano,
haushi ya dake ni a ƙirji
tun kafin in ga mai shi.

"Wannan Bowabol ne," in ji shi.
"Waccan mai gashi kamar bargo biyu
sanyin Jos take so.
Kai ta Abuja, harshenta zai share kwalta."

Na ɗaga wani kwikwiyo mai launin ƙasar kuza,
bai fi mudu uku na acca ba a hannu.
Ya yi hamma, ya ɗora haɓa a kan agogona.
"Malam, kada ido ya ci ka.
Dubi daginsa.
In ka gama, juya ka dubi uwarsa."

Na juya.
Ta miƙe a hankali, kamar saniya ta tashi daga tuƙa,
inuwarta ta rufe Sha'awa ɗungurum.

"Kuɗin saye ba shi ne tsadar ba.
Akwai garin masara, akwai kan kifi,
ƙashi daga mahauta, allura a Vom,
maganin kaska duk damina.
Kana da katanga? To, kana da ƙafa?
Wanda bai zaga da shi da asuba ba
zai dawo ya tarar da rijiya a tsakar gida."
Ina ta lissafin albashi da yatsu a cikin aljihu.

Sai ya matso, ya rage murya don kada yarinya ta ji:
"Manyan ba sa daɗewa.
Takwas, tara. In an yi sa'a, goma."
Na dubi Sha'awa a durƙushe cikin laka,
tana gwada tafinta da dagin nan.
Bakwai da tara, sha shida.
Na gan ta doguwa, da kayan sakandare,
na ga kaina da shebur a bayan gida.
Duk da haka na ƙirga kuɗin.

A gida Inna Lantana ta kafa doka daga kan tabarma:
"Ba ɗakina, ba butata, ba sallayata.
Ya lashi kwano, wanki bakwai, ɗaya da ƙasa."
Muka gina masa nasa ɗaki gindin fiya.
Sha'awa ta raɗa masa Shere,
wai don zai kai duwatsun can tsawo.

Yau wata goma sha ɗaya.
Batir na nan lafiya lau.
Sabon tiyo kuwa, shi ya cinye abinsa.
Kullum da sanyin safe yana jana zuwa bakin tsohon kududdufi,
ban san waye ke riƙe da wani ba;
likita dai ya ce jinina ya sauka.
Baƙi sun koyi sallama daga nesa.
Jiya na leƙo ta taga,
na ga Inna tana miƙa masa ƙanzo a bakin doguwar muciya,
tana cewa, "Karɓi, ƙaton banza, kada ka matso."

A simintin ƙofar ɗakinsa akwai sawu biyu
tun ranar da birkila ya shafe shi ɗanye:
hannun yarinya, da dagin kwikwiyo.
Dukansu sun yi wa masu su kaɗan yanzu.
Nakan tsallake su in zan kai masa ruwa.